Kafin Ki Nutsar da Zangina

Zuwa ga autata Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gajiyar hanya da baƙuncin wuri. Ina fata Sakkwato ta karɓe ki hannu biyu, zafinta bai firgita ki ba, kuma kin samu gado kusa da taga kamar yadda kike so. Allah ya tsare min ke a ɗaki da aji da kan titi, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki.

Za ki yi mamakin ganin takarda cikin kwalin kifi, alhali jiya ma mun yi waya. To, a waya kullum sauri kike, ni kuma da na ji muryarki sai abin da na shirya faɗa ya watse, in koma tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na zauna bakin banda, ina rubutu ina juya tarwaɗa. In kin ji takardar tana ƙaurin hayaƙi ki yi haƙuri, ƙaurin gidanku ne. Labarin gari ba zan ba ki ba, Warra tana nan yadda kika bar ta. Kewarki ce kawai ta yi min yawa. Har yanzu in zan auna tsaba da ke nake aunawa, sai na zuba a tukunya nake tunawa.

Maganar labarinku ce ta sa ni rubutu, wannan dogon labari na garuruwan da ruwa ya haɗiye, wanda ke da yayanki kuke sakawa a waya jama'a suna bi littafi bayan littafi. Kin san ba na kama sunan ɗan fari, to duk inda na ce yayanki kin san da wanda nake. Shi ya fara miki labarin tun kina 'yar mitsitsiya, in zai kai ki ƙetare a jirgin babanku, Allah ya jiƙansa, don ki daina kukan tsoron igiyar ruwa. Da kika girma kika karɓi alƙalami, shi kuma ya riƙe mutum guda tal, Zangina mai fito, tsohon da ke ƙetarar da mayaƙan sarauniya. Duk maganar da Zangina ya yi tun littafin farko daga bakin yayanki ta fito, ke rubutawa kawai kike. Yanzu kin rubuta babin da jirginsa ya kife ya nutse, kin tura min, kin tura wa yayanki ko sallama babu, kin ce ranar Juma'a za ki saka wa jama'a. Ina so ki karanta wannan takarda kafin Juma'ar.

Kin taɓa gaya min masu karatunku suna musu a kan ko duk mutanen labarin nan ra'ayinsu ɗaya ne game da rayuwa. Kika ce ai wannan yabo ne, alamar labari ya san inda ya dosa. Amma bayan tafiyarki, da gidan ya yi min faɗi, na sa tabarau na ɗauko wayar na gwada wani abu. Na ɗora babban yatsana kan sunayen, na riƙa karanta maganganun kawai, in ga ko zan gane mai magana.

A littattafan farko ko ido rufe zan gane. Sarauniya ba ta buɗa baki sai ta ambaci gadon kakanninta. Ɓarawon nan da ya tuba rabi da rabi, shi cikinsa ne alƙiblarsa, in an ce a mutu don gari sai ya tambaya ko akwai abinci a makabarta. Maƙerin ya yarda komai a rubuce yake, shi ya sa ba ya gudu kuma ba ya sauri. Aljanar ruwa kuwa dariya take yi musu su duka, don ta ga garuruwa da yawa sun tashi sun faɗi. Na sha dariya ni kaɗai har maƙwabta suka leƙo.

Da na zo littafin ƙarshe sai yatsana ya rasa amfani. Sarauniya ta ce wanda ya haƙura da abin da ya rasa gara masa mutuwa. Maƙeri ya maimaita. Ɓarawo ya maimaita, har da ƙwalla. Kai, har aljanar ruwa, wadda ruwan nan shi ne ɗakinta, ta koma wa'azin a janye shi a tono garuruwa. Riguna ne dabam-dabam, amma ke ce a cikin kowace, Shafa'atu, na san muryarki ko a cikin kasuwar Yelwa. Saura mutum ɗaya da ke cewa a bar garuruwan da suka nutse su huta, a yi gini a gaɓa inda aka haifi yara. Shi ne Zangina, shi ne kuma kika kifar wa jirgi.

Kada ki ce min labari dabam gida dabam. Ina tsakar gida ranar da kika kawo wa yayanki maganar ya koma karatu ya ƙi. Ina jin ki kika ce, "Yaya, kai dai ka aminta ka tsuhwa bisa jirgi, ba ka son komi ga duniya." Shi kuma ya ce, "Wurin ga nika so, Shafa. Laihi na?" Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa ku, har kika shiga mota.

Bari in ba ki labarin abin da na yi ina kusan shekarunki da ɗan ɗori, don ban taɓa ba ki shi ba.

Kin san aikin banda zama ne. Mutum ba ya iya tashi, don da wuta ta ɗaga kai ta cinye wahalar kwana da kwanaki. To a da, kafin waya ta zo ta ɗauke wa kowa ido, mu matan banda na unguwarmu muna da tatsuniyar da ake ja tun lokacin da ruwa ya fara ja baya har saukar damina. Ba irin ta yara ba ce da ake gamawa a zama ɗaya. Akwai uwar labari, ita ke riƙe hanya, ta ce an isa wuri kaza, abu kaza ya faru. Sauran mata kowace tana da mutuminta a ciki, ita ke magana da bakinsa. Doka ɗaya ce: in mai mutum ta tafi kasuwa, ko ta haihu, ko ba ta da lafiya, to mutuminta barci yake har ta dawo. Ba mai sa masa magana a baki, ko da uwar labari ce.

Shekarar da aka ba ni uwar labari, bandata tana jikin ta Rahila. Ke ba ki san ta sosai ba, amma ita ta yi miki wankan farko. Bakambariya ce daga tudun bayan Ngaski, Kirista, mijinta kafinta ne mai haɗa jirage. Ba ni da aminiya kamarta. In na tashi salla ita ke duba min wuta, ranar Lahadi ni ke duba mata. A tatsuniya ita ke riƙe da wata tsohuwa Mai-Kanwa, mai tsiwa, mai tausayin da ke ba mutum haushi. Akwai kuma Dije mai nono, Bafulatana, da ke sauke ƙwaryarta wurinmu ta huta. Ita wani bijimi mai magana ta riƙe, wanda bai ga amfanin zaman gari ba ko kaɗan.

A labarin shekarar, wani mutum ya sayar wa dodo rijiyar gari, ƙishirwa ta kashe mutane, aka kama shi aka ɗaure. Ni a lokacin jinina da zafi, na yarda wanda ya ci amana ba shi da sauran rabo a doron ƙasa, na kuma shirya a jefa shi cikin rijiyar da ya sayar. Duk matan suka bi ni sai Rahila. Kullum aka zo wurin sai ta gyara murya ta tsohuwa ta ce, "Ku kwance shi ku ba shi tuwo, mu ji mi yas sa shi." In ce mutane sun mutu. Ta ce, "In kun jehwa shi, su tashi?" Haka muka yi ta yi, mako ya bi mako, hayaƙi na cin ido muna musu, masu sayen kifi su tsaya su manta abin da ya kawo su. Ban taɓa jin daɗin zama irin na kwanakin nan ba, amma a lokacin haushi na ɗauka nake ji.

Sai aka aiko mahaifin Rahila ya rasu, ta hau tudu zaman makoki. Washegari na buɗe labari na ce an taru bakin rijiya, an kira Mai-Kanwa. Dije ta ɗago kai ta ce, "Kulu, Mai-Kanwa barci takai hwa." Na ce ai na tashe ta. Na gyara murya irin ta Rahila na ce na sake tunani, ku jefa shi. Aka jefa shi. Ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Da Rahila ta dawo ta kawo min tsarabar zuma da gyaɗa. Tana cikin jera itace aka gaya mata. Ta gama jerawa tsaf, sannan ta dube ni ta ce, "Ashe kin san zuciyatta hiye da ni. To riƙe ta, Kulu, na ba ki." Ba faɗa, ba gaba. Ta ci gaba da duba min wuta, ta ci gaba da ara min ragar banda, shekaru bayan haka ta karɓi haihuwarki da hannunta. Amma Mai-Kanwa ba ta ƙara magana ba. Sannu a hankali sauran matan ma in aka zo kan mutanensu sai su tambaye ni me nake so su ce. Na ƙarasa labarin ni kaɗai, kowa a ciki ya yarda da ni, ba wadda ta yi dariya ko sau ɗaya. Da shekara ta zagayo ba wadda ta ce a fara sabo, kuma daga nan tatsuniyar banda ta mutu a unguwarmu.

Mijin Rahila ya rasu ta koma tudu. Ganina da ita na ƙarshe a tashar Yelwa ne, kanta ya yi fari fat. Muka riƙe hannun juna muna ta gaisuwa, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Maganar tana bakin harshena, sai aka ce mota ta cika. Bayan nan rasuwarta kawai na ji. Ina kewar matar nan, Shafa'atu, kewar da ba ta raguwa. Wani lokaci ina juya kifi sai in tsinci kaina ina ƙoƙarin ƙago abin da Mai-Kanwa za ta ce a bakin rijiyar, amma duk abin da na ƙago nawa ne, ba nata ba.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, in kowa a labarinki ya yarda da ke, to ba ki ci musu ba, kin kori abokan hira ne kawai. Kuma mutumin da aka ƙwace wa baki ba lallai ya yi faɗa ba. Zai ci gaba da gaishe ki, ya ɗauke miki kaya, ya zo bikinki, ki yi shekaru ba ki lura wani abu ya tafi ba.

Za ki ce ai mutanen labarinki asara ɗaya suka yi, dole bakinsu ya zo ɗaya. A nan ma ina da abin faɗa. Ina goye aka tashe mu daga gungunmu, tsibirinmu na tsakiyar kogi, lokacin da aka tare kogi ruwan nan ya taso ya rufe shi. Gida ɗaya muka rasa, gona ɗaya, kaburbura ɗaya. Babana ya ce nufin Allah ne, ya sayi sabon tarun kamun kifi bai ƙara waiwaya ba. Ƙanensa murna ya yi, ya ce ya gaji da kai mara lafiya asibiti a kwalekwale, yanzu ga hanya ga mota. Innata kuwa har ta tsufa ba ta yafe wa ruwan ba. Tabarma ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci, kuma ba ranar da suka yarda da juna a kan maganar. Kewa ɗaya ce ta haɗa su, amma kowa da yadda ya ɗauki tasa.

A nan ma na yi wauta. Innata takan roƙi babanku ya tuƙa ta zuwa daidai inda gungun yake, ya kashe inji, ta zauna tana kallon ruwa tana nuna inda tsamiya take, inda turmin unguwa yake. Ni kuma na bi ra'ayin babana, sai na riƙa yi mata wa'azi. Na ce rashin tawakkali ne, abin da ya wuce ya wuce. Wata rana ta ce, "To, ɗiyata, na bari," kuma ta bari ɗin. Ba ta ƙara neman jirgi ba, ba ta ƙara ambaton gungu ba. Yau ga ni, in kika tambaye ni ina ƙofar gidan da aka haife ni take kallo, gabas ko yamma, ban sani ba, kuma ba sauran wanda zan tambaya. Kin ga abin dariya, a wancan karon ni ce nake faɗin maganar Zangina, ita take faɗin ta sarauniyarki. Ashe ba ra'ayin ne matsalata ba, rashin barin wani ya riƙe nasa ne.

Don haka a inda kike yanzu, za ki kwana ɗaki ɗaya da 'yan matan da ba sa salla irin taki, ko ba sa yi sam, masu ganin duniya ta wata fuskar da za ta ba ki haushi. Ki riƙe addininki da tarbiyyarki gam, ban ce ki saki ko zare ɗaya ba. Amma kada ki jira sai mutum ya zama ke kafin ki so shi. In wata ta faɗi abin da bai gamshe ki ba, ki tambaye ta daga ina ta samo shi kafin ki fara gyara ta. Na san ki, tun kina goye in aka ba ki nono ta hagu sai kin nemi dama, kuma ban yi nisa wajen neman inda kika gado ba.

Saura laifina na kwanan nan. Ranar da kika gaya wa yayanki maganar nan ta tsufa bisa jirgi shiru na yi. Na fake da kunyar ɗan fari, wai ba a ganin uwa tana tare masa. Gaskiyar ita ce a raina ina bayanki. Ni ma na so ya koma karatu, na so in gan shi da farar riga a ofis, ba da man inji a hannu ba. Shiruna ya ji, kuma ya gane shi sarai. Ban ce shi ke da gaskiya ba. Wataƙila ke ce, wataƙila nan gaba ya yi nadama. Zafin zuciyar nan taki shi ya kai ki jami'a, kuma ina alfahari da shi har ina ɓoye fuska kada a ce na cika yabon 'ya. Amma shi ma ba ragon mutum ba ne. Ya dubi rayuwa ya ga abin da ya ishe shi, yana son ruwan nan, yana son sanin sunan duk wanda ya shiga jirginsa. Tsoho mai fiton nan shi ne wuri ɗaya da yake iya gaya miki haka ba tare da kun ɗaga murya ba.

Ban ce kada Zangina ya mutu ba. Labarinku ne, kuma a dogon labari mutane kan mutu, har waɗanda aka fi so. Abin da ya tsaya min a rai yadda ya mutu ne, kuma ba ni na fara lura ba.

Shekaranjiya bayan la'asar yayanki ya ɗaure jirgi ya zo ya zauna nan kan kututture, kusa da banda. Ya daɗe yana gyara min wutar da ba ta buƙatar gyara. Sannan ya ce, "Inna, ta nutsar da shi."

Na ce na karanta.

Ya ce, "Ban ƙi ba. Ruwa na cin masu hito, ba yau anka hwara ba. Sai da nik karanta har ƙarshe, nik koma hwarko, ina neman inda zai magana. Sarauniya ta yi tata, maƙeri ya yi, har ɓarawo an ba shi shahin takarda guda. Shi ko kalma guda ba ta ba shi ba, Inna. Tun tana ƙarama shika ƙetarar da ita."

Ya ce kada in gaya miki, ga shi na gaya miki, ya yi fushi da ni in ya ga dama. Na ga babban mutum mai gemu yana share ido yana cewa hayaƙi ne, alhali iska gabas take kai hayaƙin, shi yana yamma. Sai na kama sunansa, karo na farko tun da na haife shi. Ya ɗago ya dube ni kamar bai san ni ba.

Kifin da ke cikin kwalin nan shi ya kamo shi, shi ya zauna ya zaɓo miki masu tsoka, ya ware masu ƙaya don ya san ba ki iya cinsu. Shi zai kai kwalin tasha da kansa, bai san da takarda a ciki ba. Bayan la'asar yake kashe inji, lokacin yana jin waya. Ki kira shi kafin Juma'a. Ba sai kin ba shi haƙuri ba in ya yi miki nauyi, ba sai kin canza ra'ayinki ba. Ki ce masa kawai jirgin ya fara shan ruwa, me Zangina zai ce. Sannan ki yi shiru, komai daɗewar da zai yi, ki rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, ko da bai yi miki daɗi ba.

Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya buɗe miki karatu, ya raba ki da sharrin hanya da na mutane. Allah ya bar min ku biyu kuna musu a tsakar gidan nan har bayan raina. Ki rufe kwalin da kyau saboda ƙwari, ki ɗiba wa 'yan ɗakinku.

Ni ce Innarki,
Warra.